Lambobin Soja da Fukafukai, da Waɗanda Suka Isa Sa Su

Ko wane yaro a ƙasar Zango ya san kaki, gama garinmu a bakin iyaka ya ke. Wanda ya bi hanyar Daura sai ya ga soja da 'yan sanda da 'yan kwastan, in kuwa ya ƙetare wajen Magarya ya ga jandarma da sojan Nijar. Amma kaɗan ne cikinmu suka iya karanta abin da ke bisa rigunan nan. Mu kan ga ƙarfe yana walƙiya a kafaɗa, mu ga zare mai launi a ƙirji, mu ce ado ne. To, 'yan'uwa ɗalibai, lambobin nan rubutu ne kamar na allo, kowace da ma'anarta, kowace kuma da wanda ya isa ya sa ta. Tun da ya ke yawancinmu aikin koyarwa za mu kama, ya kamata mu san karatun nan, mu koya wa yara, domin rashin saninsa ya daɗe yana jawo wa talakawa hasara.

Abin da muka gada

Al'amarin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. A farkon ƙarni na 19, zamanin jihadin Shehu Usmanu, Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa suka zauna a Zango, suna riƙe da sunan sarautar Daura, har shekarar 1906 da Turawa suka mai da Malam Musa birni. Duk tsawon zaman nan ba a taɓa jin wanda ya zama sarki don ya sayi alkyabba a kasuwa ba. Sai masu zaɓe sun zaɓa, an naɗa shi a gaban jama'a, kāna a buga masa tambari, a busa masa kakaki. Hakimi ma haka, sarki ke sa a naɗa masa rawani. Da Turawa suka zo sai suka ƙara sandar girma, wadda Gwamna ke miƙa wa sarki ran da a ka tabbatar da shi. Attajiri yana iya sayen rawanin da ya fi na hakimi tsada, amma ba ya naɗa kansa.

Wannan ita ce ƙa'idar lambobin soja duka. Mai iko ke ba da su, a rubuta cikin littafi, da sunan mutum da lambarsa da ranar da a ka ba shi. Iri uku ne. Akwai mai nuna rundunar da mutum ke ciki, akwai mai nuna muƙaminsa, akwai kuma mai nuna abin da ya koya ko ya aikata da kansa.

Lambar runduna

Asalin sojan Nijeriya Hausawa ne, waɗanda Gulba ya tara a Ikko cikin shekarar 1863. A 1897 a ka sa Lugga ya kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma, wadda daga baya ta haɗa sojan Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. A 1928 Sarkin Ingila ya yarda a jingina ta ga sunan sarautarsa. Lambarta itacen kwakwar manja ne na tagulla, da haruffa R.W.A.F.F. a ƙarƙashi. Ran fareti kuwa sojanta su kan sa jar dara, da 'yar shara ja mai aikin rawaya, da jar ɗamara bisa kaki.

Zamanin yaƙin Hitila, cikin shekarar 1943, a ka haɗa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma don su tafi Bama su yaƙi Japan, watau runduna ta 81 da ta 82. Kowace da lambar da a ke ɗinkawa a hannun riga, kusa da kafaɗa. Ta 81 gizo-gizo ne baƙi bisa rawaya. Janar Wulna, shugabanta na farko, shi ya zaɓe shi daga tatsuniyoyin Asante, inda a ke kiransa Anansi, ƙaramin abu mai kā da manya da dabara. Bahaushe bai bukaci a yi masa bayani ba, gama ya san Gizo tun yana goye. Lambar ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye bisa gammo. Dalilin gammon nan abin lura ne. Duwatsu da kurmin Bama ba su da hanyar mota, sai a ka ɗauki dubban mutane aikinsu dakon harsashi da abinci da guntayen igwa a kā. Su ma soja ne, da albashinsu da lambarsu, harsashin abokan gaba kuwa bai bambanta su da masu bindiga ba. Saboda haka mai mashi da mai gammo lamba ɗaya suka sa.

Rundunonin nan biyu suka haɗu a Miyohon, cikin ƙasar Arakan, a watan Janairu na 1945, suka kori Japan daga garin. Wata birged ta sojan Nijeriya kuma ta shiga cikin mayaƙan Cindit a 1944, waɗanda a ke sauke su da jiragen sama a bayan abokan gaba. Sunayen nan ba su ɓace ba: barikin Cindit yana Zariya, Kalafanzin da Dalet suna Kaduna, duk daga yaƙin Bama a ka samo su.

Bayan samun mulkin kai a 1960 itacen kwakwa ya kau. Lambar sojan ƙasa na Nijeriya yanzu mikiya ce bisa tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai ma'anar nasara daga Allah ta ke. Irin wannan lamba ta runduna ce, aronta a ka ba mutum. Yana sa ta muddin yana ciki. In an sake masa runduna sai ya kwance ta ya ɗinka ta sabon wurinsa, in an sallame shi kuma ya aje.

Igiya da anini

Na biyu ita ce lambar muƙami. Kurtu ba shi da kome a hannu, farabiti ma haka. Laskofur igiya ɗaya, kofur biyu, saje uku. Sama da su samanja, wanda shi ne uban bariki, tarbiyyar soja duk a hannunsa ta ke. Waɗannan a hannun riga su ke sa tasu.

Hafsoshi kuwa a kafaɗa. Tauraron da su ke sawa Hausawa suka sa masa suna anini, watau sunan ƙaramin kuɗin nan mai huda a tsaka da tauraro a jiki, wanda goma ke yin kwabo ɗaya. Ƙaramin laftanan anini ɗaya, laftanan biyu, kyaftin uku. Manjo a zamanin Turawa kambin sarauta ya ke sawa, yanzu mikiya. Laftanan-kanar mikiya da anini ɗaya, kanar mikiya da biyu, birgediya mikiya da uku. Daga manjo-janar zuwa sama sai a ga takobi da sanda a gicciye ƙarƙashin mikiya.

Tsakanin igiya da anini akwai babban rami. Igiya shugaban bataliya ke iya ba da ita, yana kuma iya kwance ta in mutum ya yi laifi. Anini kuwa sai da takardar izini daga shugaban ƙasa, dā daga Sarkin Ingila. Shekaru da yawa Turawa ba su ba baƙin mutum takardar nan ba, kome jaruntakarsa. Ku dubi Cari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara aikin soja wajen Jamus a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa cikin 1915, ya shiga sojansu a 1917. Ya yi yaƙin Habasha, ya yi na Bama, ya sami lambobin M.M. da B.E.M., amma samanja ya tsaya. Sai da zai aje aiki a 1953 a ka ba shi kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa ya ke amsawa. A shekarar nan ta 1953 ce Zakariya Maimalari, tsohon ɗalibin Kwalejin Barewa, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandos a Ingila da anininsa.

Mu a ƙasar Daura muna da misali kusa. Muhammadu Buhari ya yi makarantar horon soja ta Kaduna, ya tafi ta Mons a Ingila, a ka sa masa anini ɗaya a watan Janairu na 1963. Sai da ya yi shekara kamar ashirin yana hawa daki-daki, har da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a tsakani, kāna takobi da sanda suka hau kafaɗarsa. Ya rasu ran 13 ga Yuli, 2025, a ka binne shi a Daura bayan kwana biyu. Hafsan da ya aje aiki da mutunci irin wannan yana riƙe sunan muƙaminsa har mutuwa, amma kakin kansa ba ya sa shi sai a ranakun da dokar soja ta yarda.

Fukafukai

Na uku ita ce wadda mutum ya samu da guminsa, shugabarta kuwa fukafukai. Mutanen Arewa sun fara ganinta ran 1 ga Nuwamba, 1925, sa'ad da jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, a ƙarƙashin wani hafsa Koningam. Daga 1940 kuma, da hanyar Bahar Rum ta yi wuya, sai a ka riƙa kawo jirage cikin akwatuna Takoradi, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Dubban jirage suka bi hanyar nan, Kano ta cika da matuƙa.

Lambar matuƙi fukafukai biyu ne a buɗe, a na sa ta a ƙirji wajen hagu, bisa aljihu. Ingilishi sun fara ta tun 1913. Ba ko wane sojan sama ke sa ta ba, kuma nan ne mutane su kan ruɗe. A cikin rundunar sama masu gyaran inji da masu ɗora makamai da masu tsaron fili sun fi matuƙa yawa nesa ba kusa ba, ko ɗayansu kuwa ba ya sa ta. Har cikin jirgi ɗaya ma akwai bambanci. A yaƙin Hitila, mai duba hanya da mai harbi daga jirgi fiffike ɗaya Ingilishi suka ba su, da harafin aikinsu a gindinsa. Fukafukai biyu na wanda ragamar jirgi ke hannunsa ne kaɗai. Kuma muƙami ba ya jawo su: saje matuƙi yana sa su, babban hafsan da bai koyi tuƙi ba ba ya sawa.

Nijeriya ta kafa rundunar samanta a 1964, da taimakon Jamus ta Yamma. Ɗalibi ya kan fara koyon tuƙi a Kaduna, masu jiragen yaƙi su ƙarasa a Kano ko a ƙasashen waje. Sai ya ci jarrabawar ƙasa, ya tashi da malami, ya tashi shi kaɗai, ya tashi da dare, ya cika sa'o'in da a ka yanka, sa'an nan shugaban rundunar ya maƙala masa fukafukai da hannunsa a gaban taro. Mace ma tana samu in ta cika sharuɗɗa: Blessing Liman, daga Jihar Kaduna, ita ce ta fara, a 2012.

Akwai waɗansu fukafukai kuma na sojan laima, masu dira daga jirgi. Alamarsu laima ce a buɗe tsakanin fukafukai biyu. A Nijeriya makarantar sojan ƙafa ta Jaji ke koyar da wannan. Ko wace ƙasa da adadin dirar da ta yanka, Amurka biyar, ba kuwa a ƙirga wa mutum dirar da ya yi a baki. Dalilin tsananin nan a fili ya ke. Ran da a ka bukaci mai dira ko mai tuƙi, ƙirjin mutane a ke dubawa, a ɗora rayukan waɗansu bisa abin da a ka gani. Lambar ƙarya a nan tana iya kashe mutum.

Lambobin girma

Lambobin yaƙi kashi biyu ne. Akwai ta halarta, wadda duk wanda ya je fagen ya ke samu. Tauraron Afirka na waɗanda suka yi yaƙin Afirka ta Arewa ne, da na Habasha da ƙasar Somali, inda sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941. Zarensa launin rairayi ne, da ja a tsaka, da siraran shuɗi biyu. Tauraron Bama na waɗanda suka yi aiki can ne tsakanin 11 ga Disamba, 1941, da 2 ga Satumba, 1945. Zarensa ja ne a tsaka, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Akwai kuma ta jaruntaka, kamar M.M. da D.C.M., wadda sai shugaba ya rubuta abin da mutum ya yi, da rana da wuri, an bincika an yarda. Irin wannan a kan sassaƙa sunan mai ita da lambarsa a bakinta. Taurarin yaƙin Hitila kuwa Ingilishi ba su sa musu suna ba, shi ya sa su ke da sauƙin faɗawa hannun wanda ba nasa ba.

A ƙirjin hagu a ke jera su, bisa tsari, ta jaruntaka a gaba. Ran aiki ɗan guntun zarensu kaɗai a ke sawa. Su ne mallakar mutum ta har abada, ko ya tuɓe kaki ya koma gona yana da ikon maƙala su bisa babbar riga ran tunawa da mazan jiya, watau 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. In ya mutu magada su gaji ƙarfen, su adana shi. A al'adar Ingilishi ɗa ko matar mamaci na iya sa su ran tunawa, amma a ƙirjin dama, don kowa ya san na wani ne. A kan gaji gona, a gaji doki, ba a gadon zuwa Bama.

Sojan gona

Hausa tana da suna ga mai sa abin da bai isa ba, watau sojan gona. Cutar nan ta girmi kakanninmu. Cikin rahotanninsa na shekarun farko Lugga ya yi ta kuka da ita, yana lissafta ta cikin laifofin da suka fi yawa a Arewa. Mutum ya sami tsohuwar dara da wando, ko guntuwar takarda mai rubutun Turanci, sai ya shiga ƙauye ya ce Bature ya aiko shi. A yanka masa rago, a tara masa hatsi da kuɗi, wani har ya kama mutane. Talakawa ba su iya karanta takardar ba, ba su san lamba ba, tsoro kuma ya hana su tambaya.

Yau ma haka, sai dai abin ya ƙara muni. Cikin shekarun nan 'yan fashin daji a Jihar Katsina da maƙwabtanta sun sha shiga gari da kakin soja, mutane su fito suna murna sun ga masu ceto. Akwai mai tare hanya yana karɓar kuɗi, akwai mai karɓar na iyaye ya ce zai sa ɗansu soja, alhali shiga soja kyauta ne. Akwai kuma saurayin da ba ya nufin kowa da sharri, ya sayi wandon soja a gwanjo don ado. Shi ma ya sani doka ta hana. Ingila ta yi dokar hana sa kakin soja ba izini tun 1894, dokokin laifi na Nijeriya kuma, na Kudu da na Arewa, sun tanadi hukunci ga mai sa tufa ko alamar ma'aikacin hukuma don a ɗauka shi ne. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Sojan gona mutum uku ya ke yi wa sata. Ya saci dukiyar talaka. Ya saci amincin da ke tsakanin jama'a da soja, har na gaske ya zo a gudu. Ya kuma saci girman tsohon da ya ɗauki igwa a kā cikin kurmin Arakan, da na abokansa da a ka binne can.

Abin da ya wajaba a kanmu

Wanda ya san karatun lambobi ba shi da saurin ruɗuwa, gama mai ƙarya ba ya cika daidaita su. Sai a ga igiya a hannu da anini a kafaɗa tare, ko yaro ɗan shekara ashirin da mikiya, ko fukafukai a gefen da ba nasu ba. Soja na gaske yana da suna a ƙirji, da lambar aiki, da katin shaida, da bataliyar da ya fito, kuma ba ya karɓar haraji ko kuɗin hanya. Amma ku gargaɗi yara kada su yi gardama da mai bindiga. Su lura da kyau, su wuce, su gaya wa mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kai wa hakimi da 'yan sanda.

In kun kama aiki a makarantun ƙasar Zango ko Ɓaure ko Mai'aduwa, ku zana lambobin nan a allo, ku sa yara su kwafa. Ku tambaye su ko akwai gidan da a ke aje da tauraron Bama ko na Afirka cikin tsohuwar adaka, ku roƙi masu shi su kawo a gani, a rubuta sunan mai shi da abin da iyalinsa suka riƙe na labarinsa tun ba a manta ba. Yaron da ya ce shi ma yana son fukafukai, ku nuna masa hanya: lissafi da kimiyya da lafiyar jiki, sa'an nan makarantar hafsoshi ta Kaduna, wadda a ka buɗe a 1964. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya jiƙan mazan jiya, amin.